Sun Goge Tsatsar

"To ka faɗa wa Baba da bakinka," in ji Yaya. "Ni ba zan ɗaukar maka wannan ba."

Auta ya ce shi ba ƙarya ya yi ba, zaɓe ya yi, kowane mai hoto yana zaɓe. Ta ce ya adana bayanin ya yi wa masu tabarau da za su cika zauren baje kolin hotunansa, ita ta san shi tun yana fitsarin kwance. Ta ci gaba da guga. Farar rigar Baba ce, wadda ba ya sawa sai da dalili.

Kwanakin baya Auta ya samu izinin shiga tsohuwar ma'aikatar gyaran jiragen ƙasa, inda Baba ya ƙarar da ƙuruciyarsa. Leƙawa ɗaya ya ga abin da yake so: tsatsa, saƙar gizo, haske na zubowa ta hujin kwano a kan matattun injuna. Sai ya yi subul da baka ya faɗi ranar ɗaukar hoton a gaban Baba.

Da ya iso ranar, ya tarar an share wurin tas. Baba ya tattaro abokan aikinsa, duk wanda ƙafa za ta iya kawowa. Sun goge kan jirgin da kananzir har yana sheƙi, sun jera sifanu daga babba zuwa ƙarami, hujin kwanon ma sun toshe. Mai Walda, wanda ido ɗaya ya rage masa, ya ce yanzu dai ba mai ganin hoto ya kira su ƙazamai.

Auta ya ɗauko kyamararsa. Ya jera su gaban jirgin, suka ƙame, suna tsokanar juna kan wanda tumbinsa zai cinye hoton. Ya ɗauka. Da suka zauna hutawa ya zagaya rumfar baya, inda tsintsiyarsu ba ta kai ba, ya ɗauki hoton abin da ya kawo shi. Yana dawowa ya hango Baba shi kaɗai bayan tarago, ya dafa ƙarfe, ya sunkuya yana tari, tsumma a hannu. Kafin ya yi tunani yatsa ya danna.

Wannan hoton matar da ke shirya baje kolin ta ɗaga, ta ce shi ne aikin, sauran rakiya suka yi. Aka buga shi ya kai tsayin ƙofa. Na tsofaffin a jere kuwa ta ture gefe, wai kamar na kalanda. Auta ya gyaɗa kai. Abin da ya fi cin ransa, har yanzu yana ganin gaskiyarta.

Yaya ta ajiye dutsen guga, ta miƙa masa rigar. "Ungo, kai masa."

Baba na bakin gado yana shafa wa takalmi mai. Ya ce Mai Walda zai zo da jikokinsa, Tsohon Direba kuma har mota ya aro. Ya karɓi rigar, ya duba wuyanta, ya sa wa Yaya albarka. Auta ya buɗe baki, sai ya ji kansa yana cewa rana ta yi, kar su makara.

A zauren tsofaffin suka shiga a jere, suna rage murya kamar masu dubiya a asibiti. Bangon farko, tsatsa. Na biyu ma tsatsa. Mai Walda ya kai idonsa dab da wani firam, ya ja da baya. Babban hoton yana can ƙarshe, bayan kwanar bango, Baba bai kai ba tukuna. Ya waiwayo yana gyara maɓallin wuya.

"Auta, mu a wane bangon aka sa mu?"