Ritayar Kaza

"Ilimi ya sallami kaza daga kwanci," in ji Dakta, yana goge gilashin akwatin ƙyanƙyasar da ya harhaɗa a ɗakin ajiya. "Sai dai ta ci, ta yi yawo."

Matarsa ta leƙo daga bakin ƙofa. "Haka ka ce wancan karon, Baban yara. Har maƙwabta suka turo a ji ko wani abu ne ya mutu a gidan."

Wancan karon ya rataye ma'aunin zafin kusa da ƙwan fitila, ma'auni ya sha ɗumi, ƙwayayen da ke ƙasa suka yi baragurbi. Ta ce in aka sake, akwatin zai koma na takalma. Yanzu tsinken ma'aunin, mai zaren ƙarfen platinam a ciki, yana kwance tsakanin ƙwayayen, wayarsa ta shiga wata 'yar na'ura mai batirin kanta da ke ajiye kowane awo. Da safen nan ya duba a kwamfuta, layin zafin a miƙe yake kamar an ja shi da rula.

Wajen azahar ƙwan farko ya tsage. Kafin la'asar akwatin ya cika da tsiyau-tsiyau. Dakta ya cire tabarau ya share ido, ya ce ƙura ce.

Yana neman lambar abokan aikinsa a waya aka ɗauke wuta. Batirin da ya tanada kuwa, yara sun cinye shi da kallon ƙwallo.

Lambar zafin da ke fuskar na'urar ta fara sauka. 'Yan tsakin, jikinsu bai gama bushewa ba, suka dunƙule wuri ɗaya suna rawar sanyi.

"Maman yara," ya ce a hankali, "ina jar kazar nan taki mai son kwanci?"

"Wadda aka sallama?"

"Don Allah."

Ta kawo ta a hammata, ta ajiye cikin kwando. Dakta ya riƙa tura 'yan tsakin ƙarƙashinta ɗaya-ɗaya, kazar ta sakar masa sara a yatsa, ya haƙura. Sannan ya zura tsinken a ƙarƙashin fiffikenta. Lambar ta tsaya, ta fara hawa.

"Kin gani? Tsarin yana aiki."

"Na gani, Dakta."

Ya fita yana buga waya. Kazar ta dubi taron 'ya'yan da ba ta san lokacin da ta haifa ba, ta ƙara buɗe fukafukai, ta gyara zama.