Shuɗin Zare A Cikin Fanka

Ranar farko da Tela ya kai injin gem ɗinsa na wasan bidiyo gyara, Allah ya sani da gaskiyarsa ya je. Injin tsoho ne, kwancen yayansa, kuma da an kunna shi fankar ciki za ta fara gurnani, can ta ɓarke da kuka kamar injin niƙa, har maƙwabta su leƙo su ga ko sana'a ya sauya. Aka yi masa kwatancen wani shago a ƙarshen layin masu gyaran waya. Da ya je sai ya tarar mai gyaran budurwa ce, kowa Injiniya yake ce mata.

Ta kwance sukurori takwas, ta ɗaga murfin, ta kakkaɓe ƙurar shekara goma da ɗan buroshi, ta ɗiga wa fankar mai. Injin ya yi tsit, ƙirjin Tela kuwa ya hau bugawa. Da ta ji sana'arsa, har yadi ta ba shi, shuɗi mai ɗigon zinare, ya ɗinka mata riga.

Abin takaicin shi ne Injiniya ta iya aiki. Kwana shida yana kasa kunne, ko tari fankar ba ta yi ba. Ga shi bakin nan nasa, mai rantse wa mutum goma cewa ɗinkinsu gobe ne, ba ya iya haɗa kalma uku a gabanta. Rigar kuwa ya yanka ya ajiye, don riga sau ɗaya ake kai ta, shi kenan zuwa ya ƙare. Sai ya durƙusa ƙarƙashin keken ɗinki, ya tattaro guntayen ƙyalle da zare, ya tsattsage, ya dinga cusawa ta ramukan iskar injin da tsinke. Da fankar ta koma kukanta, saura kaɗan ya rungume ta.

Zuwansa na huɗu, tsohon da ke gyaran agogo a bakin shagon ya sauke tabarau.

"A'a, jikin ya sake tashi? Injiniya, ki ba majinyacin nan gado kawai, a huta da sintiri."

"Tsufa ne, Baba," in ji Tela, yana shafa injin cikin tausayi.

Injiniya ta karɓi injin. Ta buɗe, ta sa hantsaki tsakanin fikafikan fankar, ta zaro wani ɗan tsumma, ta shimfiɗe shi a tebur da yatsa. Shuɗi ne, mai ɗigon zinare.

"Malam Tela, ƙurar gidanku shuɗiya ce?"

"Iska ce take kwasowa."

"Lallai iskar ta iya almakashi, ga yanka a miƙe. Wannan hannun rigata ne ko wuya?"

Tela ya leƙa tsumman. "Aljihu ne."

Baba ya ƙyalƙyale da dariya har sai da ya dafa bango.

"Ka san ka kusa kashe baiwar Allahn nan?" Ta juya fankar da bakin hantsaki, ta yi ƙiiƙ. "Ranar da ta tsaya, injin ya ƙone, sai me za ka kawo min? Keken ɗinki? Ni dai na gama taɓa ta."

Duniya ta yi wa Tela duhu. Ya miƙa hannu zai tattara kayansa, ya riga ya hango kansa ya tsufa shi kaɗai a cikin tsummoki. Sai ya ji ta turo masa kujera da ƙafa, ta ɗora hantsakin a tafinsa.

"Wanda ya cusa shi zai cire. Zauna. Hannuna ne yake aiki, kunnena ba ya komai, in da abin da ke kawo ka."

Ya zauna. Ya zaro zare ɗaya, ya zaro na biyu. A na bakwai, kansa a sunkuye kamar da fankar yake magana, ya ce, "Injiniya, ni dai son ki nake yi."

"Ɗaga murya, ɗan nan," in ji Baba, yana jawo bencinsa kusa, "mu na baya ba mu ji ba."

"Ni na ji," ta ce, idonta na kan wayar da take gyarawa, murmushi na neman ƙwace mata. "Gobe ka zo ka maimaita, amma hannu rabbana. Yanzu juya ɗaya ɓarin, akwai saura."