Sansa a Bututun Dawowa

Inuwa na kwance rigingine ƙarƙashin karafan, irin motar nan mai gado da kicin a cikinta, ya riƙe sansa yana kallon bututai biyu da suka fito daga giyabos. Aikin ba wani aiki ba ne. Mai motar agogo yake so a gabansa, wanda zai riƙa nuna masa zafin man giya. Shi kuwa sansa ɗan ƙarfe ne bai fi kan yatsa ba, inda ka ɗaura shi nan zai ji zafi ya faɗa wa agogo. Bututu ɗaya shi ke fita da mai da zafinsa zuwa lagireto, ɗayan ya dawo da shi bayan ya huce. Duk bakaniken da ya san hannunsa a na farko zai ɗaura, don abin da ake tsoro shi ake son gani.

Abu Majid, mai garejin kuma kafilin Inuwa, wato wanda ya tsaya masa a zaman ƙasar, a na biyu ya ce a ɗaura. Ba jahilci ya sa shi ba. Satin da ya wuce su suka sake ɗaure giyar nan, sai ya ƙi sayo lagireton da ya dace da wannan uwar mota, ya kwaso na wata ƙaramar mota a wurin 'yan gwangwan. Inuwa ya ce masa ba zai ɗauka ba. Amsar da ya samu ita ce wadda ya saba samu: "Kai aiki, ni tunani."

Buraima, mai haɗa waya, mutumin Maraɗi, ya tsuguna ya leƙo.

"Malam Inuwa, igamarka saura kwana nawa?"

"Tara."

"To mi kake kallo haka? Ɗaura inda ya ce."

"Dattijon nan garin Abha za shi gobe da iyalinsa, Buraima. Ka san hawan nan. In giya ta ƙone a tsakiyar dutse, da wannan nauyin..."

"Ni ban san hawa ba. Na dai san motar kame da ta tsaya unguwar Bata shekaranjiya, har da mai shayinmu ta tafi."

Buraima bai yi ƙarya ba. Shekarar nan kame ake ba ji ba gani, duk wanda igamarsa, wato takardar zamansa, ta mutu sai tarhil, gidan tsare baƙi, daga can sai jirgi. Kuma ba Inuwa kaɗai ke rataye da igamar nan ba. Matarsa Hansai na unguwar Jaradiya da 'yan matansu biyu, babbar, Bilƙisu, ajin ƙarshe take a sakandare, yarinyar da in ta yi Hausa sai an yi mata dariya. Sabuntawa kuwa a hannun Abu Majid take, in bai ga dama ba su huɗu sun zama marasa takarda.

Duk da haka a bututun fita ya ɗaura. Lissafinsa mai sauƙi ne: dattijo zai ga allura ta hau, ya ce a sake lagireto, Abu Majid ya yi fushin kwana biyu ya huce. Allah sarki Inuwa, shekara goma sha ɗaya a unguwar Gubaira, amma har yanzu yana zaton in aka nuna wa mutum gaskiya da idonsa magana ta ƙare.

Bayan La'asar, da aka sake buɗe shaguna, mai motar ya zo. Abu Nayif sunansa, tsohon malamin makaranta, mai farin gemu da sanyin murya. Bara giyarsa ta ƙone a hanya, shi ya sa ya nace sai an sa masa agogo. Suka fita gwaji, shi ke tuƙi, Abu Majid na gefensa, Inuwa na tsaye a baya ya dafa kabad ɗin kicin don kada kayan aikinsa su ɓata kujera.

Ba a yi minti ashirin a kan babban titi ba allura ta wuce casa'in. Ta wuce ɗari da biyar. Titi shimfiɗe, ba hawa ba kaya, ta je ta kwanta a kan ja.

"Mene ne wannan, Abu Majid?" in ji dattijon.

Abu Majid ko gezau. Dariya ma ya yi, ya nuna baya da babban yatsa.

"Kuskuren ma'aikaci ne, ranka ya daɗe. Na ce masa ga wuri, ya je ya ɗaura kusa da wuta. Haka muke fama da su."

"Baba," in ji Inuwa, ya matso, "agogo gaskiya. Mai zafi. Lagireto ƙarami, ƙarami."

Iyakar Larabcinsa ke nan. Larabcin gareji ne, na kawo, ɗaure, kwance, gama. Ba a taɓa buƙatar ya yi bayani ba, don haka bai taɓa koyon na bayani ba. A cikinsa maganar cike take, da Hausa da zai warware ta dalla-dalla har yaro ya gane. A bakinsa kuwa kalma shida ce, ita yake ta maimaitawa, yana jin kansa kamar mai roƙo.

Abu Nayif ya dube shi ta madubi, ya dubi Abu Majid. Ba mugun mutum ba ne, wannan shi ya fi ƙona wa Inuwa rai. Jikokinsa sun riga sun iso, an haɗa kaya, gobe da asuba za a kama hanya. Ga mutum ɗaya na yi masa magana da harshensa yana faɗa masa abin da yake son ji, ga wani baƙi mai mai a goshi yana ce masa a fasa tafiya.

"A gyara, to," in ji shi. "Ina jira."

Inuwa ya sake shiga ƙarƙashin motar tun ba ta huce ba. Da ya kwance sansan, sai mai ya tsarto masa a damtse, fatar ta tashi nan take. Ya toshe wurin, ya mayar da sansan bututun dawowa, ya ɗaure tam, don shi ko aikin banza bai iya yin sa sakaka ba. Aka sake zagayawa. Allura ta tsaya a tamanin, lafiya lau, kamar ba ita ba.

"Masha Allah," in ji dattijon. Ya buɗe firjin motar ya miƙo wa Inuwa ruwan sanyi. "Kowa na kuskure, ɗana. Ka riƙa jin maganar maigidanka."

Motar na fita Abu Majid ya kira shi ofis. Inuwa ya shiga ya tsaya bakin ƙofa, ya riga ya fara tunanin yadda zai faɗa wa Hansai. Sai ya ga an turo masa takarda da biro. Takardar aiki ce, da Larabci, amma ya gane sunansa, har wuri uku.

"Ta ce kai ka ɗaure giya, kai ka zaɓo lagireto, kai ka ɗaura sansa," in ji Abu Majid. Ya juyo masa da fuskar kwamfuta, ga hotonsa, ga lambar igamarsa, yatsan Abu Majid na kan maɓallin sabuntawa. "Ka sa hannu, in danna. Shekara guda, da kai da iyalinka."

"Ba kora ta za ka yi ba?"

"In kore ka? Motar nan kafin sati janyo ta za a yi daga Abha. Dattijon nan kuma 'ya'yansa manyan mutane ne, za su nemi wanda ya yi aikin. Ina so kana nan ranar."

Inuwa ya daɗe yana kallon biron. Damtsensa na zugi. Ya goge yatsunsa a wando don kada ya ɓata takardar, ya sa hannu a wurare ukun. Abu Majid ya danna.

"Shukran, Baba," in ji Inuwa.