Wankan Ilu

Ilu ya rasu da rana tsaka a wani ƙaramin otal bayan titin Liuhua Lu, a zamanin da Kanawan Guangzhou ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Ya dawo daga kasuwar Baima da dilar riguna, ya ce kansa na sara, ya kwanta. Abokin tafiyarsa Abdulgani ya shiga tashinsa azahar, ya tarar rai ya yi halinsa.

Abdulgani irin mutanen nan ne da ba a rasa su a gidan mutuwa a Fagge, ga zafin nama, ga son lada. Bai tsaya kuka ba. Ya kira Mas'udu, wani ɗan Maraɗi da ke ɗakin sama, suka turo ƙofa. Suka ɗaure wa mamacin haɓa, suka kai shi banɗaki suka yi masa wanka. Farin yadi kuwa a garin nan ko makaho zai samu. Suka yanka likkafani, suka fesa turare, suka wanke zanin gado, Mas'udu har da goge ƙasa, wai kada baƙi su shigo su ga ƙazanta. Sai da komai ya yi fes suka sauka suka faɗa wa mai otal.

Wanda ofishin 'yan sandan unguwar ya turo dattijo ne, Sufeto Kuang. Ya fara aiki tun ba su da shari'ar da ta wuce satar keke da rigimar maƙwabta a bakin famfo. Sai da furfura ta cika masa kai baƙin fatake suka cika unguwar, ya koyi ɗan Turancin da yake lallaɓawa da shi. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya shaƙi turaren, ya dubi ƙasar da ba ta gama bushewa ba.

"Wa ya taɓa shi?"

"Mu ne, ranka ya daɗe," in ji Abdulgani. "Haka addininmu ya ce. Yau muke so mu binne shi."

Kuang ya cire hula ya daɗe yana juya ta a hannu. Ya ce a aikinsu, idan baƙo ya mutu a ɗaki ko matashi ba a gyarawa. A ɗauki hoto, likita ya duba, in ajali ne a sallami gawar, maƙabartar Musulmi ma akwai ta a garin. To yanzu ga gawa an wanke, zani an wanke, ƙasa an goge, duk a bayan rufaffiyar ƙofa.

"Ni na yarda da ku," ya ce. "Aikina ne bai yarda ba."

A gaban Abdulgani aka sa almakashi aka keta likkafanin. Aka tafi da Ilu ɗakin sanyi na asibiti.

Kullum sai Abdulgani ya je ofishin. Saurayin da ke kan kanta ya haddace fuskarsa, tun kafin ya yi sallama zai ce masa "meyo", wato babu. Yanka gawar don bincike sai da izinin na sama, na saman kuma suna jiran na samansu. Abdulgani ya daina shan ruwan sanyi. A kasuwar Canaan ya ga an jingine mutum-mutumin tallan kaya a naɗe cikin farin ƙyalle, ya zubar da jakarsa ya fita da gudu. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, don an raɗa masa cewa gawar da ta daɗe babu mai ita ƙonawa ake yi.

Kuang ya yi alkawarin ba za a ƙona ba muddin yana kan kujerarsa. Bai ɓoye masa ba kuma cewa ajiye aiki zai yi da sabuwar shekararsu. Da bizar Abdulgani ta zo ƙarewa, Kuang da kansa ya ce masa ya tafi, in ba haka ba dole ya kama shi.

A Kano Abdulgani ya wuce gidan su Ilu kai tsaye, bai ko ajiye jaka ba. Mahaifiyar Ilu tana zaune kan tabarma, ta rame. Ta ce abu ɗaya ke hana ta barci.

"Ɗan nan, ƙasar ba ta Musulmi ba ce. An dai yi masa wanka?"

"An yi, Inna. Ni na yi masa da hannuna."

Ta ɗaga hannu ta yi ta sa masa albarka, tana cewa Allah ya ba shi mai yi masa shi ma. Sannan ta share ido ta gyara zama.

"To faɗa mini kabarin. Akwai inuwa a wurin?"