Kurungun da Mala Gana Ya Kawo Mini

Ni aikina yankan gilashi ne, tagogi da madubai, a cikin Birni. Ban taɓa kiwon ko kaza ba. Da matata Lubabatu ta rasu, 'yarmu Aliya kuma tana aure a Yamai, sai gidan ya zama daga ni sai fanka, ita ma in akwai kuran, wato wutar lantarki.

Ran nan abokina Mala Gana, mai sayar da kifi, ya shigo da bokiti.

"Ungo, Ɗan'azumi. Kurungu ne, ya yi wa miya kaɗan. Ga baƙi, ga gashin baki, ga rashin fara'a. Ina ganinsa na tuna da kai."

"In yi me da shi?"

"Ku dinga hira. Ko ku yi shiru tare, tunda shi kuka iya."

Na ce ya tafi da abinsa. Ya ajiye ya yi gaba. Da yamma na haɗa guntayen gilashi na yi wa kifin akwati, na zuba ruwan randa da ya kwana, na ɗora a kan tebur ƙarƙashin ƙwan fitila don in riƙa ganinsa sosai. Na jawo kujera.

Ya je lungu ya manne. Na ba shi dusa, ya ƙi. Na tono gara a gindin katanga na zuba masa, ya ƙi. Na ƙwanƙwasa gilashin na ce, "Malam, bisimilla mana." Ko gashin bakinsa bai motsa ba. Kullum na dawo daga shago nan nake zama, ido a kansa, har cikinsa ya shafe, launinsa ya koɗe. Na san in aka ci gaba haka zan wayi gari in tarar da shi a kwance. Ba na son in sake ɗaukar gawa a gidan nan, ko ta kifi ce.

Aliya ta bugo waya, na gaya mata.

"Baba, kana ina in ka zuba masa?"

"Ina wurin. Ina zan je?"

Ta yi dariya, irin ta uwarta. "Haba Baba. Inna in ta kai wa baƙo abinci, tsayawa take yi a kansa?"

Ba ta tsayawa. Lubabatu takan ajiye kwano da ruwan wanke hannu, ta saki labule, ta koma madafa. In na leƙa sai ta harare ni, wai baƙo ba ya ƙoshi ana kallonsa.

Na ce, "Wannan kifi ne, ba baƙo ba."

"To. Kai fa, kana cin abinci kuwa?"

Na ce mata rezo ba kyau, ba na jinta sosai, na kashe wayar.

Amma na tashi. A bayan madafa akwai tulun Lubabatu da ya fashe, ban zubar ba. Na ɗauki wuyansa na wanke na saka a cikin ruwan. Kafin in zare hannu kurungun ya shige ciki. Na sauke akwatin daga ƙarƙashin fitila na kai kusurwar ɗaki. Na buɗe adakar Lubabatu, wadda ban taɓa ba tun ranar sadakar arba'in, na ciro tsohon zane na lulluɓe gefe uku. Bayan magariba na zuba gara, na ja ƙofa, na fito tsakar gida da kujerata.

Da safe babu gara ko ɗaya. Washegari ma haka.

Mala Gana ya zo ya leƙa, ya ce, "Ina kifin? Ka soye shi, ko?"

"Yana cikin tulu."

"To meye amfaninsa in ba ka ganinsa?"

Na gyara zanen da ya ɗaga wajen leƙe.

Yanzu cikinsa ya ciko, na sani don wani lokaci in zan wuce nakan hango rabinsa a bakin tulun. In na tsaya sai ya koma. Don haka ba na tsayawa. Nakan zuba masa nasa, in ja ƙofa, in zauna a waje da kwanon tuwon da na sayo, bayana yana ga ɗakin. In gari ya yi shiru nakan ji ruwan ya ɗan motsa, sai in sa hannu in fara cin nawa.