Faifan Ƙarshe

"Baba, zaɓa mana ɗaya," in ji autarsa, tana jingina waya da kwalbar ruwa a gefen gadon asibitin. "Mama ta ce yau fim take so."

Mai Inji ya gyara zama. Shekara talatin ya yi yana haska fina-finai a gidan sinima kafin a mai da wurin sito, kuma matarsa ko leƙawa ba ta taɓa yi ba. Shi ke dawowa ya ba ta labari, har da muryoyi da haniniyar doki.

"Ai tsofaffin Hollywood babu na yarwa," ya ce. "Ku kalli na kaboyi, sukuwa da ƙura, ba ruwanku da damuwa. Ko na masu rawa da baƙar kwat."

"A'a," in ji matar daga kan matashi. "Na telar nan marar lafiya, wadda direban jirgin ƙasa ya aura."

A fim ɗin kuwa telar nan mutuwa take yi. Ranar da ya fara ba ta labarin ya ga ta cika da hawaye tun bai kai ƙarshe ba, sai kawai ya tashi telar daga gado ya mai da ita gida. Ga shi kuma makon jiya likita ya ja shi gefe, ya faɗa masa abin da har yau bai faɗa wa kowa ba game da ciwon matar.

Auta ta lalubo fim ɗin, baƙi da fari. Uwa da 'ya suka zuba ido. Shi kuwa kusurwar sama yake kallo, inda wani ɗan ɗigo ke ƙiftawa ya sanar da mai inji faifai ya kusa ƙarewa. Ya ƙirga har na biyar, ya miƙa hannu ya kife wayar.

"Haba Baba!"

"Faifan ƙarshe ya lalace. Tun da can haka yake."

"Baba, waya ce fa. Ina ta ga faifai?"

Matar ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. "Ƙyale shi. Tsoho, ka zaci ban sani ba? Duk sanda za ka shirga mini ƙarya sai ka yi gyaran murya sau biyu. Na daɗe da sanin matar nan ba ta tashi ba."

Kunya da baƙin ciki suka rufe shi. "To me ya sa kike ta sa ni maimaitawa?"

"Naka ya fi daɗi. Ƙarasa mini."

Ya riƙe hannunta, ya ji babu nauyi ko kaɗan. "Washegari likita ya shigo, ya dube ta, ya ce..." Gyaran muryar ya taso masa. Ya danne, ya haɗiye, idanunsa suka kawo ruwa.

Ta lumshe ido. "Yi abinka, tsoho," ta ce. "Ina jinka."