Silifas ɗin Hannun Malam Lado

A ƙaramin asibitin nan na wajen Ƙofar Jatau akwai ƙa'ida guda da Sista Rahmatu ba ta sassauta wa kowa: ba a shiga ɗakin wankin ciwo da takalmi. Ita ta kafa ta, ita ke gadinta kamar gadon gidansu.

Malam Lado mai ɗinkin hula ya san da ƙa'idar. Shan inna ya cinye masa ƙafafu tun yana ƙarami, da hannu yake tafiya, silifas sanye a tafukansa. Ga shi kwalba ta yanke shi a tafin dama, kwana shida ciwon yana ruwa. Hannun nan shi ne ƙafarsa, shi ne kuma mai riƙe allura. In ya lalace, Lado ya zauna ke nan, shi da iyalinsa.

Da ƙyar ya haye matakala biyar ɗin asibitin, yana cije leɓe.

"Malam, takalmi," in ji Sista, ko kallon kirki ba ta yi masa ba.

"Hajiya, ciwon a tafin yake. In na cire, a kan siminti zan dafa shi."

"Kowa cirewa yake. Kai ɗan wane ne?"

Ran Lado ya ɓaci. Ya zaro wata takardar jarida daga aljihu, wadda ya adana tun bara da gwamnatin soja ta yi dokar naƙasassu. Ninki har ya cinye bakinta.

"Ga doka nan. An ce a kula da mu daidai da kowa, a sauƙaƙa mana shiga."

"Ai daidai da kowan nake yi maka. Mu ba a aiko mana da takarda daga ma'aikata ba. Za ka cire ko in kira na bayanka?"

Na bayan nasa kuwa tuni sun fara tsaki, wai yana ɓata musu lokaci. Mutanen da suke sanye da hulunan da ya ɗinka! Lado ya cire silifas, ya ja jiki ya shiga. Duk inda ya dafa sai jini ya fito a siminti, Sista na mitar yanzu aka goge ɗakin.

A faɗi gaskiya, ta iya aikinta. Ta wanke ciwon tas, ta naɗe shi da farin bandeji.

"Sati biyu kada ya taɓa ƙasa. Ka dawo mini da shi da datti, ba ruwana."

"To tashi sama zan yi, Hajiya?"

"Wannan kuma ba aikina ba ne. Na gaba!"

A bakin ƙofa ya gwada silifas, bandejin ya yi kauri, ya ƙi shiga. Ya dubi matakalar, ya dubi hanyar gida, duk caɓi da kashin awaki.

Sai ya warware takardar dokar, ya naɗe ta a kan bandejin, ya dafa ƙasa da ita. Kafin ya kai matakala ta uku ta yage.